"Kun gane?" "E, Malam!": Fashin baƙi kan karatun da ke sa ɗalibi aiki

Duk wanda ya taɓa zama a bencin firamare ko sakandare ya san wannan waƙar. Malam zai cika allo da rubutu, ya juyo yana kakkaɓe alli daga hannunsa, ya ce, "Kun gane?" Sai aji ya ɗauka baki ɗaya, "E, Malam!" Ya ce, "Akwai mai tambaya?" Tsit. Ya ce, "To, ku kwafa." Daga nan ba ka jin komai sai motsin takardu, har a kaɗa ƙararrawa.

Na yi wasu shekaru ina koyar da lissafi a wata firamare, kuma yadda aka rera mini waƙar nan haka ni ma na rera wa yaran da aka ba ni amana. Abin da ya farkar da ni ba wani babban abu ba ne. Mako biyu cur na yi ina koya wa 'yan aji biyar lissafin rabi da sulusi da rubu'i. Kowa ya kwafi not, kowa ya ce ya gane. Ran nan sai na rubuta 1/3 da 1/4 a allo, na ce kowa ya rubuta a takardarsa wanne ya fi girma, ba tare da ya leƙa ta maƙwabcinsa ba. Da na zagaya, mafi yawansu 1/4 suka rubuta. Na tsaya kan wata yarinya da ke tallar gyaɗa bayan an tashi makaranta, yarinyar da ba a taɓa cin ta kwabo a canji ba, na ce, "Ke, me ya sa?" Ta ce, "Malam, ai huɗu ta fi uku." Na ce, "To, ga burodi biyu iri ɗaya. Ɗaya mutum uku za su raba, ɗaya mutum huɗu. Wane layi za ki bi?" Ba ta ko tsaya tunani ba ta ce na mutum uku. Ashe sanin yana kanta tun daga gida. Abin da na yi mako biyu ina zubawa a allo ne bai taɓa haɗuwa da shi ba, domin ban taɓa sa ta ta haɗa su da kanta ba.

Wannan giɓin shi ne dalilin da ya sa masana harkar koyarwa suka daɗe suna maganar wata hanya, wadda zan kira karatun sa-hannu a nan. Ma'anarta a taƙaice ita ce a cikin lokacin darasi a ware wani kaso mai tsoka da ɗalibi ne zai yi aikin tunanin: ya amsa tambaya, ya yi hasashe kafin a gaya masa, ya warware matsala, ya yi wa ɗan'uwansa bayani, ya kare ra'ayinsa, ya rubuta abin da ya tuna littafi a rufe. Sa hannun da ake nufi na ƙwaƙwalwa ne. Yaro na iya tsalle yana tafi yana maimaita abin da malam ya faɗa, gumi na zuba, amma kansa yana hutawa. Wani kuma yana zaune shiru da biro a baki yana kokawa da tambaya ɗaya, kuma shi ne yake cikin aiki.

Labarin malamin Harvard

Abin zai fi fitowa fili idan muka ɗauki misalin wani mutum guda, Farfesa Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ya fara koyarwa a can a 1984, kuma bisa kowane ma'auni da aka saba da shi gwanin malami ne. Laccarsa tana da daɗi, ɗalibai suna yaba masa a takardun tantance malamai, suna kuma cin jarrabawa. Wajajen 1990 sai ya ci karo da binciken wasu masana biyu na wata jami'a a jihar Arizona, David Hestenes da Ibrahim Halloun. Su sun shirya wasu tambayoyi marasa lissafi mai wuya, tambayoyi na fahimta zalla a kan ƙarfi da motsi, suka gano cewa ɗalibai kan gama zangon karatu guda na fiziks alhali tunaninsu game da motsin abubuwa yana nan kusan yadda suka zo da shi daga gida.

Mazur ya ɗauka wannan ciwon wasu ne, ba zai shafi ɗalibansa ba. Sai ya ba su irin tambayoyin. Ga samfurin ɗaya: babbar mota ta yi karo da ƙaramar mota gaba da gaba, a lokacin karon wacce ta fi dannar 'yar'uwarta da ƙarfi? Zuciya tana cewa babbar, tunda ƙaramar ce ke lotsewa. Amma dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake ta kowane ɓangare, bambancin ɓarnar daga nauyi da ƙirar motocin yake. Ɗaliban nan za su iya karanto dokar a ka, za su iya lissafi da ita, amma da yawansu suka faɗi tambayar. Mazur yakan ba da labarin cewa ana cikin gwajin wata ɗaliba ta tambaye shi ko yadda ya koya musu za ta amsa, ko yadda ita take ganin abin a ranta. Wato akwai ɗaki biyu a kanta, ɗaya na jarrabawa ɗaya na rayuwa, kuma babu ƙofa a tsakani. Ciwon mai tallar gyaɗata ke nan, a jami'ar da duniya ke kallo da girma.

Yadda ya faɗa kan maganin ma abin lura ne. Wata rana ya yi ta bayanin wata tambaya, ya cika allo, ya ga fuskoki ba alamar ganewa. Ya sake, haka dai. Da ya rasa ta cewa sai ya ce su tattauna a tsakaninsu. Zauren ya kaure da surutu, kuma cikin 'yan mintoci sai ga shi yawancinsu sun kamo bakin zaren. Daga nan ya gina tsarin da aka san shi da shi tun 1991. Ɗalibai su karanto darasin kafin su zo. Malam ya yi gajeren bayani, ya jefa tambaya mai zaɓin amsoshi wadda ke taɓo ainihin fahimta. Kowa ya yi tunani shi kaɗai ya kaɗa ƙuri'arsa. Idan kusan kowa ya dace, a wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, malam ya sake bayani. Idan kuwa ajin ya rabu, kamar kashi 30 zuwa 70 cikin 100 ne suka dace, sai a ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta saɓa ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Bayan minti biyu ko uku a sake ƙuri'a, sannan malam ya ɗaure maganar.

Me ya sa yaro zai fi farfesa iya fahimtar da ɗan'uwansa? Ba don ya fi shi sani ba. Farfesan ya ƙetare wannan kwazazzabo shekaru da yawa da suka wuce, har ya manta akwai rami a wurin. Shi kuwa ɗalibin da ya gane minti biyar da suka wuce, ƙafarsa ba ta bushe ba, ya san daidai inda ɗan'uwansa ya maƙale. Shi ma mai bayanin yana ƙaruwa, don babu abin da ke tona asirin rabin sani kamar a ce ka yi wa wani bayani.

Akwai mai cewa ai marasa ƙoƙari kwafar amsar masu ƙoƙari kawai suke yi a wannan tattaunawar. Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta. A 2009 Michelle Smith da abokan aikinta a Jami'ar Colorado suka riƙa bin tattaunawar da wata sabuwar tambaya, mai gwada fahimta iri ɗaya amma da sigar daban, wadda kowa zai amsa shi kaɗai. Masu dacewa suka ƙaru a sabuwar tambayar ma, har a rukunonin da tun farko babu ko mutum ɗaya da ya san amsar. Gardamar da kanta ce ta yi aiki.

Abin da alƙaluma suka nuna

Labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, don haka ga abin da aka tara. A 1998 Richard Hake ya haɗa sakamakon ajujuwan fiziks 62, masu ɗalibai sama da 6,000, waɗanda aka yi wa gwajin fahimta a farkon zango da ƙarshensa. A ajujuwan lacca zalla, ɗalibai sun cike kimanin kashi 23 cikin 100 na giɓin da suka zo da shi. A ajujuwan da ake sa ɗalibai aiki, kimanin kashi 48. Ninki biyu ke nan.

A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'o'i. Makin jarrabawa ya ƙaru da kimanin kashi 6 cikin 100 a ajujuwan sa-hannu. Wannan ba zai burge kowa ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na faɗuwa: a ajin lacca kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa ko su bar darasin, a ajin sa-hannu kusan kashi 22. A aji mai mutum 100, mutum 12 ke nan da da sun koma gida da baƙin labari. Wani nazarin na 2020 da ya fito daga jami'ar dai ya ƙara da cewa 'ya'yan marasa galihu ne suka fi cin moriyar, domin tazarar da ke tsakaninsu da sauran ɗalibai ta ragu, musamman inda aka ba aikin ɗalibai lokaci mai yawa a darasin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan mai hali yana da mai yi masa lesin da yamma, yana da yaya ko uba da zai tambaya. Ɗan talaka ajin nan shi ne gatansa kaɗai, in bai yi aikin tunani a nan ba, babu inda zai yi.

Gaskiya ne yawancin waɗannan alƙaluma daga jami'o'in Amurka suke, kuma daga fannin kimiyya. Amma abin da ke sa hanyar aiki ba shi da ƙasa, yana cikin yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take riƙe abu.

Ga gwajin da ya fi nuna mini haka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya suka yi ta karanta shi zama huɗu. Ɗaya rukunin zama ɗaya suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 da kashi 71. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu sun tuna kashi 40, masu lalubo abin daga ka kashi 61. Kuma masu maimaita karatun ne suka fi amanna cewa za su tuna. Zuba ilimi a ka daban, ciro shi daban, kuma cirowar ce ke kafa shi.

A nan nake so in ɗan ratse, don duk lokacin da aka yi wannan maganar akwai masu jin kamar an zo rushe hadda ne, ko an kawo wani baƙon abu daga Turai. Mu leƙa tsangaya. Almajiri da hannunsa yake rubuta allonsa. Shi yake biyawa a gaban malam, malam na saurare yana gyara. Ba ya wanke allo sai ya kawo karatun da ka. Da dare ga tilawa, a koma baya a ciro abin da aka wuce tun watanni. Gardi kuwa yakan rubuta allo da ka ya kai darasu, a bi shi wasali bayan wasali a fitar masa da kurakurai a gaban 'yan'uwansa. Babu alaramman da zai karanta wa almajirai shafi sau goma su kuma suna zaune suna kallonsa, sannan ya ce sun haddace. A zaure ma ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassarawa, in ya yi tuntuɓe nan take a ji. Haka garejin kanikawa: yaro ba ya iya kwance kafireta da kallo, sai maigidansa ya miƙa masa sifana ya tsaya a kansa. Haka shagon tela, haka gona. Ajin boko ne kaɗai muka yarda mutum ya zauna shekara da shekaru yana kallon wani yana aiki, mu kira wannan koyo. Hadda ba ita ce abokiyar gaba ba. Jadawalin sau dole a haddace shi, baƙaƙe da wasula dole su zauna daram. Abin da ake ƙi shi ne karatun aku, inda baki ke motsi kai na barci.

Daɗin lacca da yaudararsa

Akwai wani cikas da ya kamata kowane malami ya sani tun kafin ya fara, in ba haka ba zai karaya a makon farko. Ɗalibai da yawa ba sa son wannan hanyar. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka yi gwaji a Harvard. Aka raba ɗaliban fiziks gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu lacca mai tsari daga gwanin malami, rabi aka sa su warware matsaloli a rukuni kafin a yi musu bayani. A darasi na gaba aka yi musanye. Kayan karatu iri ɗaya ne. Da aka tambaye su, suka ce a lacca suka fi koyo, kuma ita suka fi so. Da aka yi musu gwaji, a darasin da suka sha wahala suka fi samun maki.

Wannan ya bayyana mini abubuwa da dama. Idan gwanin malami yana bayani, komai yana tafiya sumul, sai ka ji kamar kai ma ka iya. Kamar mai kallon direba ne daga kujerar gefe, yana ganin tuƙi ba wuya, sai ran da aka ba shi sitiyari. Idan kuwa aka ba ka tambaya ka kasa, ka sake gwadawa, ɗan'uwanka ya nuna maka kuskurenka, abin da za ka ji a ranka shi ne ba ka gane komai ba, alhali a lokacin ne ganewar ke shiga. Saboda haka "E, Malam" ɗin yaranmu ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Da yawansu har zuciya suna jin sun gane. Ita tambayar ce ba ta iya auna komai. Masu binciken sun ba da shawara mai sauƙi: malam ya gaya wa ɗalibai tun farko cewa za su ji wahala, kuma wahalar alamar aiki ce. Ni ma na ga amfanin haka ko a wajen yara 'yan shekara 11.

To a ajin da ke da yara 90 fa?

Wannan ita ce tambayar da kowane malaminmu zai yi, kuma yana da gaskiya. Benci bai isa ba, wasu a ƙasa suke, littafi ɗaya mutum biyar, manhaja ta yi tsawo, ga albashin da ba ya kai wata. Ba zan ce karatun sa-hannu zai gina aji ko ya sayi littafi ba. Amma mu tuna Mazur ma zaure guda yake koyarwa mai ɗaukar ɗalibai fiye da 100, kuma yawan ɗaliban ne ma ya sa hanyar ta zama dole, tunda ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. A babban aji, mataimakan malam su ne yaran da kansu.

Kuma mafi yawan dabarun ba sa cin ko sisi. Ɗauki jira. A farkon shekarun 1970 wata masaniya, Mary Budd Rowe, ta naɗi sautin ajujuwa da yawa, ta gano cewa malami kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan ya yi tambaya, kafin ya kira wani ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, har yaran da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci suka fara buɗe baki. A daƙiƙa ɗaya yara uku ko huɗun nan na bencin gaba ne kawai za su iya ɗaga hannu, su ne kuma ke sa malam ya zaci aji ya gane. Ga dabarar da Frank Lyman ya fito da ita a 1981: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya juya ga na kusa da shi su tattauna, sannan malam ya zaɓi wasu su faɗa wa aji. Yarinyar da kunya ba za ta bar ta ta yi magana gaban mutum 90 ba, za ta yi da ƙawarta, kuma in an kira ta daga baya, amsar "mu" za ta bayar ba ta "ni" ba, nauyin ya ragu. Ga ƙuri'a da yatsu: amsa ta ɗaya yatsa ɗaya, ta biyu yatsu biyu, a ɗora hannu a ƙirji don kada na gefe ya gani. Ga rufe littafi na minti biyar a farkon darasi, kowa ya rubuta abu uku da ya tuna daga jiya.

Maganar kunya tana da nauyi a wurinmu. Mun tarbiyyantar da yaro kada ya haɗa ido da babba, kada ya mayar da magana, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma mu ɗin dai ne muke cewa matambayi ba ya ɓata. Yaron da aka taɓa yi wa bulala ko aka sa aji ya yi masa dariya don ya ba da amsar da ba daidai ba, ya koyi darasi guda da ba zai manta ba, shi ne shiru ya fi tsira. Karatun sa-hannu ba ya rayuwa a ajin da kuskure laifi ne, domin kuskuren shi ne abin da malam ke nema ya gani. Sai kuma harshe. Yaron da bai iya haɗa jimla biyu da Turanci ba, in ka ce lallai da Turanci zai tattauna, ka rufe masa baki ne. A bar su su yi gardamarsu da Hausa, in an kammala a ɗora musu kalmar Turancin a kai.

An ma gwada makamancin haka a gida. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daga matakin da yake, inda ake gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a kasa su rukuni bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a zauna a da'ira ana aiki da katunan baƙaƙe da tsinkaye. Tsinke goma a ɗaure ya zama dami ɗaya, da haka yaro ke ganin ma'anar gomomi da ɗaiɗai da idonsa, ya kwance dami da hannunsa in za a yi aro a lissafin ɗebewa. Masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun daɗe suna gwada tsarin a Indiya suna ganin yana ɗaga karatun yara. An kawo shi Borno, an kuma fara gwada shi a Kano a 2019, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Tsinken tsintsiya dai babu gidan da ya rasa shi.

Inda ake yin kuskure

Dole in faɗi wannan, don na ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wasu malaman sun dawo daga bita da fahimtar cewa sabuwar hanya ita ce a jera benci a da'ira, a ce "ku tattauna", malam ya koma bakin taga. Abin da ke faruwa shi ne yaro ɗaya ya yi aikin, biyu su kwafa, uku su yi hirar ƙwallo. Wannan ya fi lacca muni, don a lacca ko ba komai an ji magana daidai. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka yi kakkausan gargaɗi a kan haka: sabon shiga a kowane fanni yana bukatar jagora sosai, da bayani ƙarara, da misalan da aka warware a gabansa. Ba za ka ce yaro ya gano dokar Newton da kansa ba, ko ya ƙirƙiro yadda ake raba lamba mai tsawo. Ba a tattauna abin da ba a sani ba.

Saboda haka bayanin malam yana nan, gajarta shi ake yi a yanka shi gunduwa-gunduwa, a sa aikin ɗalibi a tsakani. Aikin malam ma ƙaruwa yake. Kwafo not daga tsohon littafi a zuba a allo ba ya bukatar shiri. Tsara tambaya guda mai kyau kuwa, wadda kowace amsar kuskure a cikinta tana wakiltar wani tunani da yara suke da shi da gaske, wannan sai wanda ya san darasin ciki da bai, ya kuma san yaransa. Malamin da shi kansa bai gane abin ba zai fi son allo, don allo ba ya tambaya. Shi ya sa nake ganin kwalejojin ilimi su ne wurin farawa. Ba zai yiwu a yi wa ɗalibin malanta lacca ta awa biyu a kan illar lacca ba, sannan a sa ran zai je ƙauye ya yi wani abu daban.

Batun cinye manhaja kuma, gaskiya ne hanyar tana cin lokaci, kuma wani zangon ba za ka kai ƙarshen jadawali ba. Amma babin da aka "gama" alhali yara ba su ɗauki komai ba, a rajista kawai aka gama shi. Matsalar ita ce mai duba makarantu in ya zo, littafin shirin darasi da not ɗin yara yake dubawa, ya ga ko an cika shafi. Da zai ɗauki yara biyar daga bencin baya ya yi musu tambaya ɗaya, da malamai sun canza salo ba tare da an kira wata bita ba. Ni kaina ranar da na fara, hedimasta ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, lafiya ajinka ya koma kasuwa?" Na roƙe shi ya shigo ya saurari abin da ake ciniki a kai.

Tambayar ranar ita ce 1/2 a tara da 1/3. Na ba da zaɓi uku: 2/5, da 5/6, da 2/6. A ƙuri'ar farko yatsu suka rabu, mafi yawa na kan 2/5, an tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ban ce komai ba, na ce kowa ya nemi wanda suka saɓa. Can bencin baya wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba tun farkon zango ya yage takarda daga tsakiyar littafinsa, ya ninka ta gida biyar, ya nuna wa abokinsa gida biyu. Na ji yana cewa, "Kai, duba mana. Wannan ko rabi bai kai ba. Ta yaya za ka ɗauki rabi ka ƙara masa wani abu, sannan ya koma bai kai rabi ba?" Abokin ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya juya ya fara yi wa na bayansa bayani. Hedimasta yana tsaye a kansu, hannu a baya.

A ƙuri'a ta biyu saura mutum bakwai a kan 2/5. Na ga fuskokinsu, na san sunayensu. Na yi wa aji bayanin yadda ake mayar da rabi da sulusi su zama gida shida-shida, muka yi misali biyu tare. Da aka fita tara na tsayar da su bakwai ɗin, na ba kowa takarda, muka fara ninkawa daga farko.